Hankakin Tokiyo: Sharhi a kan Ɗinkin Japan Mai Saɓa wa Yayi

Akwai wani zance da ya daɗe yana yawo a bakin masu rubutu a kan tufafi, har ya zama kamar ba ya bukatar hujja. Zancen kuwa shi ne, wai maɗinkan Japan guda uku, watau Issey Miyake da Rei Kawakubo da Yohji Yamamoto, sun 'yantar da mai sa tufafi daga bautar yayi, sun ba shi hanyar da zai nuna wa duniya ko shi wane ne ba tare da ya bi sawun jama'a ba. Nufin wannan takarda shi ne ta auna zancen nan, ta duba inda ya tsaya da ƙafafunsa da inda ya ke ɗingishi. Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne kamar yadda a kan zata, gama tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce ko mutum yana iya sayen fita dabam a kanti, kamar yadda ya ke sayen sabulu.

Tun cikin 1904 wani malamin Jamus, Georg Simmel, ya nuna cewa yayi yana tafiya ne bisa ƙafa biyu. Ɗaya ita ce son mutum ya yi kama da tsararrakinsa don kada a yi masa dariya, ɗayar kuwa son ya bambanta da su don a gan shi. Waɗansu ƙalilan su kan fito da sabon abu, sauran su bi su, sa'ad da abin ya game gari sai na farkon su gaji da shi su nemi wani. Bisa ga wannan, mai gudun yayi da mai binsa duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Turawa suna kiran masu gudun nan da wata kalmar Faransanci, avant-garde, wadda asalinta sunan rundunar da ke jan gaba ce a wurin yaƙi. Sunan kansa ya tona asiri, gama ba a jan gaba sai akwai masu biyowa a baya.

Ƙasar da maɗinkan nan suka fito ƙasa ce da a ke ganin girman zama ɗaya da jama'a. Suna da karin magana a kan ƙusar da ta ɗago kai, cewa ita guduma ke sauka a kanta. Yawancin 'yan makarantun sakandare suna sa tufafi iri ɗaya, ma'aikatan kamfanoni kuma su fito da kwat mai duhu kamar an yi musu awo rana ɗaya. Kwat ɗin ma baƙo ne. A cikin 1872 ne hukuma ta yi doka cewa tufafin Turai su ne na bukukuwan fada, daga nan suka bi ta kan soja da 'yan sanda da ma'aikata har suka kai ga talakawa, ko da ya ke mata da yawa ba su bar kimono ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda suka fara kai ɗinkin Japan birnin Faris ba su je da faɗa ba. Kenzo Takada ya buɗe kantinsa can a 1970 da yaduka masu furanni da launi mai faranta rai, Hanae Mori kuwa ta shiga ƙungiyar manyan maɗinkan Faris a 1977, tana ɗinka abin da attajiran Turai suka saba da shi, da ƙwarewa ƙwarai. An karɓe su hannu biyu, domin ba su taɓa tushen komi ba.

A cikin 1981 Kawakubo da Yamamoto suka kai nasu kayan Faris. A lokacin nan abin da a ke yayi shi ne kafaɗa mai faɗi da tsukakken ƙugu da takalmi mai tsinin dunduniya, irin aikin su Thierry Mugler da Claude Montana, watau tufar da ke shelar kuɗi da surar jiki tare. Su kuwa baƙin nan suka fito da 'yammata sanye da baƙaƙen tufafi masu yalwa, gefe guda ya fi ɗaya tsawo, bakin yadi ba kalmasa, zare yana reto, takalma shimfiɗaɗɗu, fuska ba jan baki. A shekara ta biye Kawakubo ta nuna wata baƙar suwaita mai huji-huji kamar wadda asu ya ci, ta ce ita a wurinta wannan leshi ne. An kuma ruwaito cewa ta kan sa a sassauta ƙusoshin injin saƙa da gangan don yadin ya fito da aibi, gama ba ta son kammalar da inji ke bayarwa.

'Yan jaridu suka rasa abin cewa, sai suka koma zagi. Waɗansu suka ce kayan matan da ke kwana a titi ne da ƙullin tsummokinsu, waɗansu kuma suka sa wa ɗinkin suna adon Hiroshima. Wannan suna na biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Miyake, wanda ya girme su biyun, ya kuma riga su nuna kaya a Faris tun 1973, haifaffen Hiroshima ne, yana da shekara 7 sa'ad da aka jefa bom ɗin a 1945, uwarsa kuwa ta rasu cikin shekara 3 saboda dafinsa. Ya ƙi ya yi maganar nan a fili shekara da shekaru, don kada a riƙa kiransa maɗinkin da ya tsira daga bom, sai a 2009 ya rubuta ta cikin wata jaridar Amurka. Wanda abin ya ci gidansu ya yi shiru, waɗanda ba su san zafinsa ba suka mai da shi ba'a. Kawakubo da Yamamoto kuwa 'yan Tokiyo ne, an haife ta a 1942, shi kuma a 1943. Sunan bai bayyana komi game da tufafin ba, abin da ya bayyana shi ne iyakar abin da masu sharhin suka sani game da Japan.

To, mene ne ainihin sabon abin? Ba baƙin launi ba ne, gama Turai ta san baƙi tun da daɗewa. Sabon abin yana wajen yanka. Telan Turai ya kan ɗauki jiki ya zama shi ne ma'auni: ya auna ƙirji da ƙugu da kafaɗa, ya yanka yadi a lanƙwashe, ya tsuke nan ya saki can, har tufar ta kwanta a jiki kamar fata ta biyu. In jikin bai dace da surar da a ke so ba, sai a matse shi ko a cusa masa abu har ya dace. Haka Christian Dior ya yi a 1947. Kimono kuwa daga bandir guda a ke fid da shi, faɗinsa bai kai santimita 40 ba, tsawonsa wajen mita 12, a yanka shi gida 8 miƙe, a haɗa da miƙaƙƙen ɗinki, kusan ba abin da a ke zubarwa. A dā in ya yi datti sai a warware shi a wanke ƙyallayen a sāke haɗawa. Wanda ya san yadda a ke jera ƙwaryar saƙi a fid da babbar riga ba zai sha wuyar gane wannan ba. Tufa irin wannan ba ta da sura sai an sa ta, kuma tsakaninta da jiki akwai fili, wanda Japanawa ke kira ma.

A nan ne zancen masu yabo ya ke da gaskiya. Rigar da aka ɗinka bisa awon ƙugu tana yanke wa mai sa ta hukunci tun kafin ta fita daga ɗaki: ko ta cika awo ko ta kāsa. Rigar Yamamoto ta farkon shekarun 1980 ba ta tambayar shekarun mace ko ƙibarta, kuma ba ta tallan jikinta ga masu wucewa. Waɗansu daga cikin na Kawakubo suna da wuya biyu ko hannu fiye da biyu, sai mai sawa ta zaɓi ta inda za ta shiga, ta naɗa saura yadda ta ga dama. Watau maɗinkiya ta bar aikin ba ta ƙare ba, don mai sawa ta ƙarasa. Sunan kamfanin nata ma, Comme des Garçons, wanda ta fara aiki da shi a 1969, ma'anarsa da Faransanci ita ce kamar samari, abin da ta ke nema wa mata kuwa shi ne sakewar da samari ke da ita cikin tufafinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba wanda zai ƙwace musu shi.

Amma fa akwai wata kasala da ta kama masu sharhi na baya, waɗanda suka bar zagi suka koma yabo. Kome suka gani sai su ce daga kimono ne, ko daga addinin Zen, ko daga son da Japanawa ke yi wa tsohon abu mai tabo. Wannan ma rage wa maɗinkan daraja ne, gama yana mai da aikin mutum guda ya zama kamar kukan gidansu kawai ya ke yi. Kawakubo ta sha nuna ba ta son a jingina aikinta ga ƙasarta. Ba ta koyi ɗinki a makaranta ba. Ilmin zane da adabi ta karanta a Jami'ar Keio, ta yi aiki a sashen talla na wani kamfanin yadi, sa'an nan ta fara yin tufafi don ba ta samun irin waɗanda ta ke so. An ce ta kan miƙa wa masu yi mata yanka kalma guda, ko cukuikuyayyiyar takarda, ta ce su fid da riga daga nan. Gadon gida yana ciki, ba shakka, amma miliyoyin mutane sun gāji kimono, ba su kuwa yi abin da ta yi ba.

Akwai kuma wani gado da ya fi nauyi a zuciya. A arewacin Japan, inda sanyi ya hana auduga yi, matan manoma sun kan tara guntayen ƙyalle rinannu da baba, su yi maho a kan maho, har tufa guda ta ratsa kaka da jika. Suna kiran irin wannan boro, watau tsumma, kuma a wurin masu shi abin kunya ne da a ke ɓoyewa. Sa'ad da huji da maho suka hau dandalin Faris da tsadar da manomi ba zai iya biya ba, tilas a yi tambaya: shin girmama talaka ne, ko kuwa aron kamanninsa ne ba tare da aron yunwarsa ba? Masu kāre Kawakubo sun ce ba talauci ta ke kwaikwayo ba, tana ƙaryata ra'ayin nan ne na cewa kyau sai sabo kuma cikakke. Amsar tana da ƙarfi, amma ba ta kashe tambayar ba. Tun zamanin sarautar Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, sa'ad da doka ta hana fatake ado, attajiran Edo sun koyi sa riga mai launin toka a waje su ɓoye alharini a shafinta. Nuna arziki ta hanyar ɓoye shi tsohuwar dabara ce, mai ido ne kaɗai ke gane ta, kuma don mai idon a ke yinta.

Labarin Yamamoto ya ƙara fito da wannan rikici. Ubansa ya mutu a yaƙi, uwarsa ta rene shi da keken ɗinki a unguwar Kabukicho, inda gidajen shaye-shaye suka yi yawa. Ya karanta shari'a a Keio, ya gama a 1966, ya watsar ya shiga makarantar ɗinki ta Bunka. Ya sha faɗi cewa ya ƙi jinin yadda matan da ke zuwa shagon uwarsa ke neman a ɗinka musu abin da zai mai da su 'yar tsana don maza, shi ya sa ya so ya sa wa mata kwat irin na maza, ya zama musu garkuwa. A cikin fim ɗin da Wim Wenders ya yi a kansa a 1989, an nuna shi yana buɗa littafin hotunan August Sander, Bajamushen da ya ɗauki manoma da leburori da masu sana'a a farkon ƙarni na 20, yana sha'awar yadda tufafinsu suka zauna musu kamar tare aka halicce su. Abin lura shi ne mutanen Sander ba su zaɓi tufafin nan don su bayyana kansu ba. Sana'a da hali suka sa musu su, shekaru kuma suka lanƙwasa su. Abin da maɗinkin ke kishi, ashe, abu ne da ba a ɗinkawa, kuma ya fito ne daga duniyar da ba ta san zancen fita dabam ba.

Sai kuma hankakin. Kafin tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da kuɗi suka yi yawa a Japan, samari da 'yammata sun cika titunan Tokiyo sanye da baƙi tun daga kai har ƙafa, suna bin layi a ƙofar kantuna ranar da aka rage kuɗin kaya. Jama'a suka sa musu suna karasu-zoku, watau dangin hankaki. (Hankakan can baƙi ne ƙirin, ba shi da farin ƙirji.) Ba a taɓa yi wa ɗinkin nan sharhin da ya fi wannan laƙabi kaifi ba, gama hankaka ba ya tafiya shi kaɗai. Cikin 'yan shekaru kaɗan tufar da aka yi don fita zakka ta zama anko. A Turai da Amurka ma haka, baƙin nan ya zama alamar masu zanen gine-gine da masu sayar da zane-zane da malaman fasaha, har a kan gane sana'ar mutum daga nesa. Ƙusar da ta ɗago kai ba guduma ce ta same ta ba, sauran ƙusoshi ne suka ɗago tare da ita.

Yuniya Kawamura, cikin littafin da ta fitar a 2004 a kan maɗinkan Japan a Faris, ta ƙara wata hujja mai wuyar turewa. Ta nuna cewa ba don Faris ta buga musu hatimi ba, da ba su sami girman da suka samu ba, har a gida. Tilas suka shiga jerin masu nuni na ƙungiyar maɗinkan Faransa, suka fid da sabon kaya sau biyu a shekara kamar kowa, suka nemi yardar 'yan jaridun da suka zage su. Faris kuwa hankaka ce ta gaske, mai mai da ɗan wani nata. Kafin ƙarshen shekarun nan matasan maɗinka na Beljiyam, musamman Martin Margiela wanda ya fara nuni a 1988, sun ɗauki ɗinkin da a ke juyo cikinsa waje sun kai shi gaba. Yau wandon da aka yage tun daga masana'anta yana rataye a kantunan da ke sayar da kayan araha, ba mai waiwayensa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce Simmel ya gama magana. Amma Kawakubo ta yi wani abu a watan Oktoba na 1996 wanda ya fi na 1981 zurfi. Ta nuna kayan bazarar 1997 da sunan da ke nufin jiki ya gamu da riga, riga ta gamu da jiki. Ta bar baƙi, ta ɗauko yadi mai gidan dara, ja da fari ko shuɗi da fari, irin wanda Turawa ke shimfiɗawa a teburin cin abinci ko su ɗinka wa yara, mai talewa, ta matse shi a jiki. A ƙarƙashinsa kuwa ta cusa ƙunshin gashin tsuntsu a wuraren da ba a saba ba: a bayan kafaɗa ɗaya kamar doro, a gefen ciki, a kan kwatangwalo guda, a wuya. Masu kallo waɗansu suka ga ƙusumbi, waɗansu suka ga ƙari irin na cuta, waɗansu suka ga mace mai goyo ko mai ɗauke da kaya. 'Yan jaridu suka kira kayan ƙulu-ƙulu.

Ƙarfin aikin nan yana cikin tambayar da ya tilasta wa mai kallo. Ɗinkin Turai ya shekara ɗaruruwa yana cusa wa mata abu a jiki: a ƙirji, a kafaɗa, a mazaunai, har da ƙarafa a ƙarƙashin siket. Ba wanda ya kira wannan nakasa, domin an sa tudun ne inda ido ke so. Kawakubo ba ta ƙago cushen ba, matsar da shi ta yi da taƙi guda, sai ga shi abin da a ke kira kyau ya zama abin tsoro. Da haka ta nuna cewa iyakar da ke tsakanin kyakkyawar sura da mummuna al'ada ce ta shata ta. Merce Cunningham, gwanin tsara rawa na Amurka, ya gayyace ta, ita kuwa ta yi wa 'yan rawarsa irin tufafin nan a wasan da ya kira Scenario a 1997, inda tudun ya sāke musu yadda su ke juyi da yadda su ke riƙe juna. Wannan kaya yayi bai iya haɗiye shi ba har yau, ko da ya ke maɗinka da yawa sun ɗebo daga gare shi. A ma'aunin fasaha, shi ne ƙololuwar aikinta.

Sai dai a nan ne kuma zancen bayyana kai ya ke karyewa ta wani gefe. Macen da ta sa rigar doro, wa ta ke bayyanawa? Duk wanda ya san tufafi, da ya hango ta sunan Kawakubo zai fara zuwa bakinsa kafin nata. Gwargwadon ƙarfin muryar maɗinki, gwargwadon yadda ta mai sawa ke dushewa. Rigar 1982 ta bar wa mai ita wurin yin magana, ta 1997 kuwa ta riga ta faɗi kome, mai sawa ta zama allon da aka yi rubutu a kai. Daga kayan da ta nuna a ƙarshen 2013, waɗanda ta ce ba tufafi ta ke yi ba, abin ya ƙara nisa: manyan siffofi ne da ke rufe hannu, wani lokaci har da fuska, waɗanda ba a iya zama a kujera da su. Mutum ɗaya ne lalle ya sami cikakken ikon bayyana kansa cikin wannan sha'ani, ita ce maɗinkiyar.

Ikon nan kuwa da kuɗi a ke riƙe shi, kuɗin kuma ba daga rigar doro su ke fitowa ba. A 1994 kamfanin ya fara sayar da turare. A 2002 ya fito da wani reshe mai suna Play, na singileti da suwaita marasa wata dabarar yanka, sai dai an manna musu 'yar jar zuciya mai idanu biyu wadda Filip Pagowski, mutumin Polan, ya zana. Zuciyar nan ta game duniya, ta hau har takalman Converse, masu jabu kuma suka yi ta bugawa. A 2008 Kawakubo ta yi wa kantunan H&M kaya, mutane suka yi dogon layi a Harajuku. Ba daidai ba ne a kira wannan munafunci. Ita ta ke da kamfaninta, ba ta sayar da shi ga manyan attajiran Faransa ba, zuciyar nan kuwa ita ke biyan kuɗin 'yancin. Yamamoto, duk da haɗin gwiwar da ya yi da Adidas tun 2002, kamfaninsa ya karye a watan Oktoba na 2009 da bashin wajen yen biliyan 6, sai da waɗansu masu jari suka ɗauke shi. Amma wanda ya sayi singileti don zuciyar da ke ƙirjinta, yana zaton ya sayi rabo cikin tawayen 1981, kayan aro ya yafa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Miyake ya bi wata hanya dabam, wadda masu neman abin mamaki ba su cika ba ta hakkinta ba. Shi bai damu da tsoratar da kowa ba, damuwarsa ita ce yadda ƙyalle guda zai zama tufa. A 1993 ya fito da Pleats Please: a yanka riga da zaren roba, a ɗinka ta ta fi girmanta ninki biyu ko uku, a sa ta tsakanin takardu a bi da ita cikin inji mai zafi, sai ta fito da ƙananan ninki waɗanda ba su warwarewa. Ana wanke ta a gida, ba ta bukatar guga, kuma tana bin kowane irin jiki. A 1998, tare da Dai Fujiwara, ya fito da A-POC, watau doguwar saƙa kamar bututu wadda kwamfuta ke sarrafa injinta, da layukan yanka a jikinta, mai saye ya sa almakashi ya fid da tsawon hannu da faɗin wuyan da ya ke so. Cikin dukan abin da mutanen nan uku suka yi, ba inda aka miƙa wa mai sawa almakashi a zahiri sai nan. Duk da haka, tufar Miyake da duniya ta fi sani ita ce baƙar taguwa mai dogon wuya ta Steve Jobs. Jobs ya ga rigunan aiki da Miyake ya yi wa ma'aikatan Sony, ya so a yi wa na Apple, suka ƙi, sai ya sa aka ɗinka masa nasa iri ɗaya masu yawa, ya riƙa sa su kullum har ya rasu a 2011. An san shi da su fiye da yadda aka san kowane mai sāke kaya kowace safiya. Miyake kansa ya rasu a 2022.

A can ɗaya gefen kuwa, babban kamfanin da ke tufatar da jama'ar Japan, Uniqlo, ya buɗe kantinsa na farko a 1984 a Hiroshima, sunansa kuma an gutsuro shi ne daga kalmar Ingilishi mai ma'anar abin da ba shi da na biyu, alhali riga guda ya ke bugawa miliyoyi. Tsakanin wannan da kantunan manyan maɗinka akwai wata jama'a da ba a cika sa ta cikin lissafi ba. A 1997 wani mai ɗaukar hoto, Shoichi Aoki, ya fara fid da mujallar Fruits, ba abin da ke cikinta sai hotunan yaran da ya tsayar a titunan Harajuku, da ɗan bayani a ƙasa na abin da kowa ya sa da inda ya samo shi. Wannan ta haɗa ɗamarar kimono da siket na gwanjo, wancan ya sa takalmin katako na gargajiya da rigar da ya ɗinka da hannunsa, wata kuma ta tara kuɗi ta sayi abu guda na babban maɗinki ta cakuɗa shi da tarkacen kasuwa. Su ma sun rabu ƙungiya-ƙungiya, ba shakka, suna kwaikwayon juna. Amma haɗin nasu ne, ba wanda ya tsara musu shi a Faris. Abin da ya rene su kuwa fili ne: ran Lahadi a kan hana motoci bin manyan titunan unguwar, yara su taru su ga juna. A 1998 aka daina rufe titin.

A farkon 2017 Fruits ta daina fita wata-wata, bayan shekara 20. Aoki ya ce dalili shi ne yaran da suka isa a ɗauka sun yi ƙaranci, kantunan kayan araha na yayi kuma sun cika unguwar. A watan Mayu na shekarar nan ne gidan kayan tarihi na Metropolitan a Niyu Yok ya buɗe nunin ayyukan Kawakubo, ita ce ta biyu da sashen tufafi na gidan ya yi wa haka tana da rai, bayan Yves Saint Laurent a 1983. An jera tufafi wajen 140 a jikin mutum-mutumi cikin fararen ɗakuna, ba rubutun bayani a bango. A daren walimar buɗewa, wadda don girmama ta aka yi, mawaƙiya Rihanna ta zo cikin ɗaya daga cikin manyan siffofin nan nata, amma yawancin manyan baƙin sun zo ne da ɗinkin waɗansu maɗinka, tsukakke a ƙugu.